Takardar da Na Kasa Cirewa Daga Fayil ɗinsa

Abubuwa da yawa sun same ni a wurin aiki waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin in kamo su. Wannan kuwa, ko tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, ba na jin zai tafi da shi. Shekaru sun ja, na canza ofis har sau biyu, amma har gobe in aka ajiye mini takarda a kan wani ma'aikaci aka ce in sa hannu, sai na ajiye alƙalamin na sake karantawa.

Ni 'yar unguwar Fezzan ce a Maiduguri, a nan aka haife ni, duk da cewa mahaifina daga Kano ya zo Maiduguri da keken ɗinkinsa. Karatun safiyo da kula da filaye na yi, a lokacin da in mace ta ce abin da take karantawa ke nan sai a tambaye ta ko ba ta samu gurbi a wani wurin ba ne. Na kama aiki a wani ofishin gwamnati da ke kula da filaye, na yi shekara shida ina zana taswira a kwamfuta, sannan aka ba ni riƙon ƙwaryar mai kula da ma'aikatan da ke fita awo. Ƙa'idar kujerar a rubuce take: digiri ko babbar difloma, da shekarun aiki, da jarrabawar ƙarin girma. Duk ina da su. Abin da ba ni da shi, ƙa'idar ba ta tambaya ba.

Masu ganin mu daga waje suna ɗauka aikin sanyi ne. Mota ɗaya ce da mu, kuma rabin shekara a gareji take kwana. In za a fita bayan gari sai an nemi izinin jami'an tsaro, a jira a buɗe hanya da safe, a kuma tabbatar an juyo kafin a rufe ta da yamma. A ofis kuwa masu ɗauke da 'yar wasiƙar wane da wane ba sa ƙarewa, kowa da filin da yake so a ce nasa ne. Ga rana, ga ƙarancin kayan aiki, ga waya daga sama tana tambayar me ya sa ba a gama ba. Ni kuma ga ni mace, ga ƙuruciya, ga zuciya a kusa. Na shiga kujerar nan da shirin cewa duk wanda ya yi mini gardama, don ni mace ce ya yi.

A cikin mutanen da aka sa a ƙarƙashina akwai wani dattijo Babarbare ɗan unguwar Shehuri, kowa Baba yake ce masa. Tun yana saurayi ya shigo aikin yana jan sarƙar awo a bayan safiyo. Takardar firamare ce da shi, sai wani ɗan kwas na wata uku, saboda haka akwai matakin da ya kai ya tsaya, ko zai shekara ɗari ba zai wuce shi ba. Masu kula da ma'aikata biyar aka kawo kafin ni, dukkansu shi ya nuna musu inda ake kafa turke da yadda ake gaida Bulama, wato mai unguwa, sannan suka wuce suka bar shi a inda suka same shi. Bai taɓa nuna abin ya dame shi ba. Abu ɗaya ne yake taƙama da shi, kuma yakan faɗa yana dariya: shekara talatin da biyar saura kaɗan, ba a taɓa sa masa takardar tuhuma a fayil ba. Lokacin da abin nan ya faru saura mako shida ya yi ritaya.

A shekarun da mutane suka fara komawa garuruwansu bayan rikici, aka ba mu aikin yanka wani filin gwamnati da ke kan hanyar Konduga, za a raba fulotai ga iyalan da ba su da inda za su koma. Aiki ne mai kyau, kuma na so a ce ni na yi shi. Na ɗauko tsohuwar taswirar filin, na ɗora ta a kan hoton tauraron ɗan'adam, na yanka fulotai da tituna tsaf a cikin kwana huɗu. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, hoton ya nuna ciyawa shimfiɗe ko'ina, babu gini, babu rijiya, sai 'yan bishiyoyi a kusurwar gabas.

A aikinmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Kafin a kafa turken siminti ko ɗaya, mai kula da aikin yakan je da kansa ya zaga iyakar filin da ƙafa tare da Bulaman yankin. Baba ya tuna mini. Na ce masa ƙauyen da ke kusa da wurin ya watse tun farkon rikici, Bulaman ma ba a san inda yake ba, ga shi wa'adi ya matso. Gaskiyar magana ita ce ina ganin zagayen nan aikin mutanen da ne, waɗanda ba su da na'ura. Na tura shi da leburori su kafa turaku, ni na zauna a ofis ina amsa waya.

Rana ta uku ya shigo ofishina da la'asar, ƙarangiya duk ta manne masa a wando. Ya gaishe ni, ya jira har mutumin da ke wurina ya fita, sannan ya rage murya.

"Hajiya, mun kafa ko'ina, saura kusurwar gabas. Can ɗin ban kafa ba."

Na ce, "Me ya hana, Baba? Siminti ne ya ƙare?"

"A'a. Ina zaton makabarta ce. Ban faɗa a gaban leburori ba, don ban so maganar ta fita kafin ki gani. Ki zo gobe ki duba da idonki."

Dole in yi wa kaina adalci kaɗan a nan. Duk wanda ya yi aikin filaye ya san babu tsohuwar dabara kamar wannan. Mutum yana son ya hana gwamnati taɓa fili, sai ya tara ƙasa wuri biyu uku ya ce kakanninsa ne a kwance, bayan shekara biyu ka dawo ka tarar da shago a kan kakannin. An gargaɗe mu a makaranta, an sake gargaɗinmu a ofis. Na juya masa kwamfuta na nuna masa taswira, na nuna masa hoto, na ce ya nuna mini makabartar. Ya dubi allon kamar yadda mutum yake duban abincin da ba zai ci ba, ya ce, "Hajiya, wannan daga sama yake gani. Ni a ƙasa na taka."

Maganar nan ce ta ƙona mini rai. A kunnena ba abin da na ji sai cewa yarinya ce ni mai wasa da kwamfuta. Na ce masa gobe ya koma ya kafa turakun. Ya ce in yi haƙuri, duk aikin da na sa shi zai yi, amma hannunsa ba zai kafa turke a wurin nan ba sai na je. Bai ɗaga murya ba, hularsa ma a hannu take. Da ya yi mini tsawa wataƙila da na fi samun sauƙi.

Yana fita na jawo takarda. Da Turanci ake rubuta irin wannan, ni kuma Turancina ya fi kaifi in raina a ɓace yake. Na rubuta cewa ya ƙi bin umarnin na gaba da shi. Da na tsaya a nan da abin ya zo da sauƙi. Sai na ƙara layi guda, cewa akwai alamar ya haɗa baki da wasu masu son filin don a hana aikin gwamnati, kuma ya yi bayani cikin kwana biyu. Ba ni da hujja ko ɗaya. Na dai ji layin ya yi daɗi a takardar, ya sa ta yi kama da ta manya. Na sa hannu, na aika masa da tasa, na aika da ɗaya ɗakin ajiyar fayiloli, na kuma cire shi daga aikin.

Ranar Alhamis za a kai gireda ta share tituna, kuma dole mai kula da aikin ta kasance a wurin, don haka a karon farko na taka filin da na yanka. Mun isa wajen ƙarfe tara. Direban gireda ya fara daga yamma, ni kuma na ɗauki leburori biyu da turaku muka nufi gabas, da niyyar in kafa su da hannuna kowa ya huta. Tun daga nesa na hango mutum biyu zaune a gindin wata aduwa. Baba ne, da wani tsoho mai farar riga da ta sha wanki. Motar haya suka hau suka sauka a titi, suka ƙarasa da ƙafa. Ashe kwana biyun da na ba shi ya rubuto amsa, shi yawon neman Bulama ya yi da su, unguwa unguwa, har ya same shi a gidan wani ɗan'uwansa a cikin gari.

Tsohon ya miƙe ya ce mini, "Wushe," irin gaisuwarsu, na amsa a daƙile. Sai a lokacin na lura dukkansu takalmansu a hannu suke. Na ce, "Baba, ai na cire ka daga aikin nan."

Ya ce, "Haka ne, ranki ya daɗe. Ba aiki na zo ba, rako Bulama na yi. Amma tun da Allah ya kawo ki, ki biyo bayana taku ashirin kawai. In ba ki ga komai ba, ni da kaina zan riƙe miki turken."

Na bi shi don in gama da maganar. Yana gaba yana kwantar da ciyawa da sandarsa, ciyawar ta kai mini gwiwa, ido ba ya ganin ƙasa sam. Taku biyar na ji ƙafata ta ɗan faɗa, kamar mutum ya taka matakalar da bai san da ita ba. Na hau, na yi taku uku, ta sake faɗawa. Na sake hawa, ta sake faɗawa. Kwazazzabon ruwa ba ya jera kansa haka. Baba ya tsaya ya buɗe ciyawar da hannu biyu, sai ga wani ɗan loɓawa mai tsawon mutum, gefensa wani, gaba da shi wani.

Ya ce, "Hajiya, kamfas ɗinki yana jaka? Ki auna mini tsawon wannan, ina ya dosa?"

Na ciro na auna. Kudu da arewa. Na matsa na auna na biyu, na uku, na huɗu. Duk layi ɗaya suka bi, yadda ake kwantar da Musulmi kai a kudu, fuska na duban alƙibla. A na bakwai na ga bakin wata fasasshiyar tukunya ya leƙo daga ƙasa, irin wadda ake rufe kabari da ita kafin a mayar da ƙasa. Ban auna na takwas ba. Na sunkuya na cire takalmina, ƙarangiya na cizo na ban ma ji ba.

Bulama bai yi dogon bayani ba, Hausarsa ma ba ta da yawa. Ya ce da can shingen ƙaya ne ya zagaye wurin, wuta ta cinye shi shekarar da suka gudu, ruwan damina da dabbobi suka baje tudun kaburburan, ba kuma wanda ya isa ya zo ya gyara. Ya nuna wani wuri kusa da aduwar ya ce mahaifiyarsa ce a nan, da 'ya'yansa biyu. Ina tsaye ina jin ƙarar gireda daga yamma tana matsowa. A taswirar da na zana, titi mai faɗi ne ya bi ta kan wurin da ya nuna. Na tura lebura da gudu ya ce wa direba ya kashe injin.

Gyaran taswira bai ba ni wahala ba. Na cire kusurwar, na karkata titin, aka rasa fulotai tara, aka sa makabartar a takarda aka kewaye ta. Wannan duk aikin mako ɗaya ne. Abin da ya gagare ni yana cikin ofis.

Washegari da sassafe na je ɗakin ajiyar fayiloli na ce a ba ni takardar da na aiko, kuskure ne. Mai ajiyar ya ɗauko fayil ɗin Baba, tsohon fayil mai kauri da aka ɗaure da zare, ya buɗe mini. Takardata tana ciki, an huda ta an zura, an rubuta mata lambar shafi da jan biro, an kuma shigar da lambar a littafi. Ya ce, "Hajiya, kin fi ni sani. Abin da ya samu lamba ba ya fita. Sai dai a ɗora wata a kansa." Na sani ɗin kuwa, har tambaya aka yi mana a kai a jarrabawar ƙarin girma, na kuma ci.

Wata takardar da za a ɗora ita ce wadda zan rubuta in ce zargin ba shi da tushe, ni ce ban je filin ba kafin in ba da umarni. Irin wannan kuma fayil biyu take shiga, nasa da nawa. Na je wurin Darakta na faɗa masa komai. Mutumin kirki ne, kuma don yana so na ya ba ni shawarar da ya ba ni. Ya ce, "Ki rubuta a ƙasan takardar cewa an sasanta, shi ke nan. Dattijon nan saura mako biyar ya tafi, ba abin da zai taɓa masa haƙƙinsa. Ke kuwa watan gobe za a zauna a kan tabbatar da ke. Kada ki kai musu sanda da hannunki."

Zan so in ce a take na ƙi, amma ƙarya zan yi. Kwana tara na yi ina juya maganar. Kullum sai na ga Baba a kan bencin da ke bakin ofis, ya gaishe ni kamar yadda ya saba, bai taɓa tayar da zancen ba. Na so ƙwarai ya yi mini gori ko ya kai ƙarata, in samu abin da zan riƙe. Bai yi ba. Rana ta goma na rubuta takardar, layi shida, ban taɓa shan wahalar rubutu irin ta ba. Aka zauna, aka ɗaga tabbatar da ni, sai bayan shekara ɗaya da rabi na samu kujerar. Na yi kuka a kan haka, ba zan ɓoye ba, amma a raina na ɗauka na biya, mun yi canjaras.

Ranar da zai bar aiki aka yi masa ɗan taro, aka sha lemo, aka yi jawabai. Da mutane suka watse na kira shi ofishina na ba shi haƙuri, na faɗa masa na rubuta takarda ta biyu, an wanke shi, yanzu fayil ɗinsa ba shi da matsala. Ya yi godiya, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya juya hularsa a hannu, sannan ya ce:

"Hajiya, kin san Turancina bai wuce na turke da tef ba. Waccan ta farkon, gida na kai ta. 'Yata ce ta karanta mini, wadda take karatun jinya. Tana karantawa tana fassara mini, har ta zo layin ƙarshe, sai ta tsaya. Ta ce, Baba, wannan ban gane shi ba. Ta ninke takardar ta ba ni." Ya ɗago ya dube ni. "Na san ta gane. Tun ranar ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban san ta inda zan fara ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Duk tsawon makonnin nan fayil nake tunani, nasa da nawa, da lambar shafi, da waɗanda za su zauna su karanta. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa takardar ta shiga wani gida a Shehuri, yarinya ta zauna a gaban mahaifinta ta karanta cewa shugabarsa tana zarginsa da cin amana.

Ya ce, "In ba damuwa, ki ba ni kwafin ta biyun. Ita nake so ta karanta mini."

Na tashi da kaina na je na ɗauko, na buga mata hatimi, na sa a ambulan. Ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya yi mini sallama ya tafi neman keken haya mai ƙafa uku. Ban san yadda suka ƙare da 'yarsa ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Yanzu ni nake zama a kan takardun masu neman irin kujerar da na riƙe, kuma har yanzu digiri da shekarun aiki ƙa'ida take tambaya. Ba na raina su, da kamfas ɗin da na koya a makaranta na gane gaskiyar Baba. Amma na koyi cewa takardar shaida tana ba mutum ikon sa hannu ne kawai, ba ta sa ya fi na ƙasa da shi sanin ƙasar da suke takawa. Duk sabon mai kula da ma'aikata da aka kawo mini, abu biyu nake faɗa masa. Kada ya yanka filin da bai zaga da ƙafarsa ba. Kuma kafin ya rubuta kalma ɗaya a kan mutum, ya tuna cewa mutumin nan yana da gida, kuma wataƙila ɗansa ne zai karanta masa.